Tambayoyi da amsoshi kan ƙera jirgin ruwa mai inji na tafiya mai nisa

Na yi shekaru ina walda a unguwar Nima da ke Akra, ƙasar Ghana, kafin na koma gefen tashar ruwa ta Tema na kama sana'ar ƙera jirgi. Tun daga lokacin tambayoyi iri ɗaya nake sha, a bakin masallaci, a wurin suna, wani lokaci a waya bayan isha'i. Yawancin masu tambayar mutanenmu ne na zango, sun san mota ciki da bai, amma ruwa baƙonsu ne. Ga tambayoyin yadda aka yi mini su, ga kuma abin da nake amsawa.

Malam, ina so in yi jirgin da zai kai ni Takoradi ko Lome ya dawo. Daga ina zan fara?

Alhaji, ka fara da takarda da biro, ba da katako ko ƙarfe ba. Rubuta abu huɗu: wane ruwa za ka bi, nisan zango mafi tsawo da za ka yi ba tare da shan mai ba, mutum nawa za su kwana a ciki, da nauyin kayan da za ka ɗauka. Amsar waɗannan ita ce jirgin. Daga Tema zuwa Takoradi kusan mil 115 ne na teku, zuwa Lome mil 80 da ɗoriya, zuwa tsibirin Sao Tome kuwa ya haura mil 500, babu gaɓar da za ka raɓa. Mil ɗin teku ya fi na ƙasa tsawo, kilomita 1.852 ne. Jirgin da zai yi Takoradi daban, wanda zai yi Sao Tome daban, ko da tsawonsu ɗaya.

Wanda ya fara da sayen inji saboda ya same shi da araha, sannan ya zo a ƙera masa jirgin da zai dace da injin, ya sa wa kansa wahala tun daga tushe.

Ba babban inji ne maganin nisa ba? Idan na sa mai ƙarfin doki 300 ai zan isa da wuri.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don haka zan ɗan daɗe a kanta.

Jirgi iri biyu ne. Akwai wanda yake ɗagowa ya riƙa zamewa a saman ruwa, irin masu gudun da kake gani a Ada, bakin kogin Volta, ranar Lahadi. Akwai kuma wanda yake zaune daram a cikin ruwa, yana ratsa shi yana ture shi gefe. Na farkon yana da gudu amma ɗan banzan shan mai ne, kuma ba ya son kaya. Na biyun shi ne jirgin tafiya mai nisa, kuma yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yanka masa. Dalili shi ne, jirgi in yana tafiya yana tayar da igiyar ruwa a goshinsa da bayansa. Gudu na ƙaruwa, igiyar na ƙara tsawo, har ta kai tsawon jirgin kansa. A nan sai bayan jirgin ya zauna cikin rami, goshinsa ya ɗaga, ya zama kamar motar da take hawan tudun da ba ya ƙarewa. Duk man da ka ƙara bayan wannan, igiya kake ginawa, ba tafiya kake yi ba.

Lissafin yana da sauƙi. Jirgin da tsawon jikinsa da ke taɓa ruwa mita 9 ne, iyakarsa wajen mil 7.3 a awa. Mai mita 12, mil 8.4. Mai mita 16, mil 9.7. Ka ga tsawo ne ke ba da gudu, ba inji ba.

Yanzu ɗauki mai mita 12 ɗin, mu ce nauyinsa da kaya tan 12. A ruwa mai lafiya, ƙarfin doki wajen 20 zai tafi da shi mil 6 a awa, doki 30 mil 7, amma kafin ka kai 8.4 sai ka ba shi sama da 50. Injin dizal yana shan kusan lita ɗaya a awa a kan kowane doki biyar da yake aiki da su. Ke nan lita 4 a awa, ko 6, ko 10 da wani abu. Don ka ƙara mil ɗaya da rabi a gudunka, ka kusa ninka man da kake ƙonawa. Inji mai doki 60 zuwa 80 ya ishi wannan jirgi, har da rarar da za ka buƙata ranar da iska da igiya suka taso maka ta gaba. Mai doki 300 nauyi ne kawai, kuma dizal ɗin da kullum yake aiki can ƙasa da ƙarfinsa yana tara baƙin hayaƙi a ciki ya lalace da wuri.

Wani tsohon sojan ruwan Amurka, Robert Beebe, ya tabbatar da wannan tun da daɗewa. A 1963 aka ƙera masa jirgi mai ƙafa 50 a Singafo, da inji ɗaya madaidaici, ya ƙetare tekuna da shi a hankali. Masu wannan harka har yau a kan sawunsa suke.

To tankin mai fa, nawa zan yi?

Ɗauki zangonka mafi tsawo ka lissafa man da zai ci, sannan ka ƙara rabinsa a kai, yadda kashi ɗaya cikin uku na tankin zai zama ajiyar da ba ka taɓawa. A misalinmu na sama, lita 1,000 tana ba ka wajen mil 1,100 a gudun mil 7, amma ka ɗauka mil 750 kake da shi. Ruwan gaɓarmu gabas yake gangarawa, saboda haka tafiya Takoradi ta fi dawowa cin mai da lokaci.

Lita 1,000 ta dizal kilo 840 ce, ba ƙaramin nauyi ba ne. Tankin ya zauna ƙasa, kusa da tsakiyar jirgi, don kada zaman jirgin ya canza in mai ya ragu. A raba shi biyu, kuma a sa shingaye a cikin kowane, saboda mai ko ruwan da ke kai-komo daga gefe zuwa gefe a babban tanki yana taimaka wa jirgi kifewa. A bar masa murfin da hannu zai shiga a wanke.

Katako, ƙarfe ko faiba?

Ya danganta da hannun da kake da shi. Mu a nan muna da masu walda nagari da yawa, daga Kokompe har Suame Magazin a Kumasi, shi ya sa in jirgi ya kai mita 11 ko fiye nake karkata ga ƙarfe. Ƙasa da haka ƙarfe yana yi masa nauyi: faranti mai kaurin milimita 5 yana kai kilo 39 a kowace murabba'in mita. Alherin ƙarfe shi ne in ka bugi kututture ko dutse, lotsawa yake yi, ba fashewa ba, kuma duk garin da ka sauka za ka sami mai gyara. Sharrinsa tsatsa, kuma daga ciki take cin jirgi, a lungunan da ruwa ke kwanciya ba wanda ke gani. Maganinta a fesa masa yashi har ƙarfen ya yi fari, a shafa fentin ifoksi a ranar, tun kafin iskar gishiri ta sauka a kai. Wanda ya yi maka fenti a kan tsatsa ya ci kuɗinka a banza.

Katako kuwa, odum shi ne sarki a nan, yana jure ruwa, sai mahogani a bayansa. Katakon wawa, wanda ake sassaƙa kwale-kwalen masuntan Chorkor da Jamestown da shi, yana da sauƙin aiki da rashin nauyi, amma kaurin gungumen ne ke riƙe shi. In aka yanka shi siraran alluna, ruɓewa yake yi da wuri. Ka sayi katakon da ya bushe, ko a Timba Maket ta Akra ko a Sokoban, ka kuma jingine shi a inuwa wasu watanni. Abokiyar gabar katako a teku wata tsutsa ce da ke huda shi ta ciki ta bar fatar waje lafiya lau, sai ranar da ƙafa ta burma. Fentin ƙasan jirgi na musamman ne ke tsare ta. A tafkin Volta babu ita, ruwan gishiri take rayuwa.

Faiba ba ta tsatsa, ba ta ruɓewa, amma sai an fara gina mazubi, kuma kuɗin mazubi don jirgi ɗaya tak bai cika biya ba. Alminiyan yana da kyau ƙwarai, sai dai yana buƙatar irin na teku da waldar iskar agon da hannun da ya saba.

Maigida, zan iya zana shi da kaina? Na ga hotuna da yawa a intanet.

Ƙanena, a'a. Hoto ba zane ba ne. Zanen jirgi yana nuna inda nauyi zai taru, inda ruwa zai tsaya a jikinsa, kaurin kowane faranti, tazarar haƙarƙari, da yawan karkatar da zai iya yi ya miƙe. Sayi zanen da aka riga aka ƙera jirage da shi suka yi tafiya, ko ka biya injiniyan jiragen ruwa ya yi maka. Jami'ar harkokin teku da ke Nungua tana yaye masu ilimin injiniyancin ruwa, ba sai ka je Turai neman shawara ba. Kuɗin zane ɗan kaɗan ne a kan kuɗin jirgi.

In ka samu zanen kuma, ka bi shi. Jirgi na biyu da na yi aiki a kansa, mai shi ya matsa sai an ɗora masa ɗaki a sama da rufin ƙarfe, wurin hutawa da baƙi. Na san bai dace ba, amma ban tsaya a kan maganata ba. Ranar da muka sa shi a ruwa, mutum shida suka koma gefe ɗaya, jirgin ya kwanta ya daɗe kafin ya dawo. Jikina ya yi sanyi. Muka yanke ɗakin, muka zuba nauyi a ƙasa, aikin wata biyu ya tafi. Har yau in na tuna da yaran da ke cikinsa ranar sai gabana ya faɗi. Nauyi ƙasa, sama sakayau, kuma a gwada jirgi da nauyin da aka auna a bakin gaɓa kafin a ɗauki kowa.

Injin tsohuwar babbar mota zai yi? Akwai su birjik a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai.

Zai yi, in an yi masa gyaran da ya kamata, kuma ma yana da wani alheri: kayan gyaransa suna ko'ina. Ka nemi tsohon yayi, marar kwamfuta, mai juyi a hankali. Abu uku ne sai an canza. Na farko sanyaya shi. A jirgin ƙarfe hanya mafi sauƙi ita ce a yi wa ruwan injin hanya a jikin farantin ƙasa, ruwan waje ya sanyaya shi ta bayan ƙarfe, gishiri bai taɓa shiga inji ba. Na biyu salansa: in busasshiya ce a naɗe ta da abin hana zafi, ta fita can sama, nesa da wurin kwana, domin hayaƙin inji yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Na uku giya. Giyar mota ba a yi ta don ta ɗauki turin farfela ba. Sai ka sayi ta jirgi, mai rage juyi wajen uku zuwa ɗaya, ta juya babbar farfela a hankali.

Abin da ya fi tsayar da dizal a teku ba lalacewar inji ba ne, dattin mai ne. Na taɓa shan mai a jarka a hannun wani, muna daidai bakin Ada igiya ta motsa ruwan da ke ƙasan tanki, inji ya mutu, muna kallon igiyar na farfashewa a kan yashi. Allah ya sa anga, ƙugiyar tsayar da jirgi, ta kama. Tun ranar ba na sakin jirgi sai da filta biyu masu raba ruwa da mai, a jere da famfon sauyawa, yadda za a canza ɗaya inji na aiki.

Me ya hana in rataya injin Yamaha mai doki 40 guda biyu a jikin jirgi kamar masunta?

Don kamun kifi na kwana ɗaya ko biyu babu kamarsa. Don nisa kuwa, irin wannan injin fetur yana shan fiye da ninki biyu na abin da dizal ke sha a aiki ɗaya. Ga haɗarin ɗaukar ɗaruruwan litocin fetur a jirgin da ake girki da kwana: tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake kwanciya yana jiran tartsatsi. Man firimis mai rangwame kuma, wato fetur da aka gauraya da man inji, gwamnati don masunta ta tanada shi. Amma ƙaramin inji ɗaya a ajiye, wanda zai lallaɓa da kai gaɓa in babban ya ƙi, dabara ce mai kyau.

Ni ba teku nake so ba. Doya da busasshen kifi nake saro daga Yeji da Dambai. Jirgin tafki daban ne?

Hajiya, daban ne, kuma ina ganin a tafkin ne mutanenmu suka fi buƙatar jirgi nagari. Wannan hanya ai tamu ce tun zamanin fataucin goro, ta Salaga da Yeji da Kete Krachi, inda Alhaji Umaru ya zauna ya karantar har rasuwarsa a 1934. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya rufe ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, kuma ba a sare dajin ba kafin a cika shi. Itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, sun yi tauri kamar ƙarfe. Ruwan kuma hawa da sauka yake: madatsar tana aiki ne tsakanin ƙafa 240 da 278. Hanyar da kika bi lafiya a watan Nuwamba, a watan Yuni kututture ne a bakin ruwa.

Saboda haka jirgin tafki yana son ciki marar zurfi, farantin ƙasa mai kauri, ƙarfen kariya a ƙarƙashin farfela da abin juya jirgi, da bango marar yoyo a bayan goshi, wanda zai tsare ruwa in an huda gaba. A raba cikin gida uku ko huɗu da irin wannan bango. A ja layin lodi da fenti a jikinsa, kuma ko wa ya roƙa kada a wuce shi. Yawancin rayukan da tafkin nan ya ci, lodi fiye da kima ne ya haɗu da kututture ko hadarin yamma. Ki sani kuma jirgi yana ɗan ƙara nutsewa a ruwan daɗi fiye da na gishiri.

Wani abin da mutane ke mantawa: jirgi ba ya tashi daga teku ya shiga tafkin. Madatsun Kpong da Akosombo sun tare kogin, babu mashigar jirgi. In a Tema aka ƙera, a tirela za a kai shi, don haka faɗinsa da tsayinsa su zama waɗanda hanya za ta ɗauka.

Ina jin tsoron juwa da amai. Akwai abin da ke rage tangaɗin jirgi?

Akwai. A gaɓarmu igiya daga kudu maso yamma take zuwa, mai bin gaɓa kuwa a haƙarƙari take dukansa, shi ya sa tangaɗi ya yi mana yawa. Jiki mai kusurwa ya fi mai zagayayyen ciki natsuwa, kuma shi ya fi sauƙin walda. Ana ƙara masa dogayen fikafikai biyu a ƙasa. Ƙaramin filafili na ƙyalle mai kama iska a kan sanda, in an ɗaure shi tamau, yana rage kaɗawa sosai. Masu tafiyar teku mai nisa suna miƙa sanduna biyu hagu da dama, su saki faranti masu nauyi a sarƙa cikin ruwa. Yana aiki, amma ba a tafki ba, ba kuma inda tarun masunta ya yi yawa ba. Wurin kwana ya kasance ƙasa, daga tsakiya zuwa baya. Goshi ya fi ko'ina tsalle.

Ruwan sha da alwala da girki fa?

Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisi ya tabbatar. Wannan kaɗai ya rage maka nauyi mai yawa. Na sha da girki nakan ƙiyasta lita 10 ga kowane mutum a rana, a tanki biyu, da jarkoki na ajiya. Tukunyar gas ta zauna a waje, cikin akwatin da ke da huda a ƙasa mai fita wajen jirgi. Alƙibla daga gaɓar Akra tana wajen digiri 64 a kamfas, gabas ke nan da ɗan karkata arewa. Nakan bar fili mai faɗin darduma biyu a bayan ɗakin tuƙi tun a zane.

Wane lokaci ne ya fi dacewa da tafiya?

Daga Nuwamba zuwa Maris teku ta fi kwanciya, sai dai hazon hunturu yana rufe gani, ga kwale-kwalen masunta da yawa ba su da fitila. Farkon damina da ƙarshenta hadari kan taso daga gabas farat ɗaya da iska mai ƙarfi. Yuni zuwa Agusta igiya ta fi girma. Gaɓarmu kuma ba ta da mafaka da yawa: Tema, Elmina, Sekondi, Takoradi. Bakin kogi a Ada yashinsa yawo yake yi, kada ka shige shi sai da ɗan gari a gabanka.

Takardu da tsaro?

Ka je hukumar kula da jiragen ruwa, Ghana Maritime Authority, tun kafin ka yanka faranti na farko, ka nuna musu zanen, ka ji abin da suke bukata na dubawa da rajista. Gyara a takarda ya fi gyara a ƙarfe sauƙi. In za ka ƙetare iyaka, akwai kwastan da jami'an shige da fice a fita da shiga. Kada ka matsi wuraren haƙar mai na yamma, akwai tazarar mita 500 da aka haramta shiga. Batun 'yan fashin teku ma gaskiya ne: a 2020 an sace ma'aikatan jirgi 130 a mashigin tekun Gini. Abin ya lafa daga baya, amma mai nufin gabas da Lome ya nemi labarin hanya daga sojan ruwa kafin ya tashi.

Kayan da ba na yarda jirgi ya fita babu su: rigar ceto ga kowa har da ta yara, rediyon jirgi a kan tasha ta 16, na'urar GPS da kamfas da taswirar takarda, na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan adam, abin kashe gobara biyu, anga biyu da sarƙa, famfon kwashe ruwa na batir da na hannu, da bokiti.

Nawa zai ci, kuma wata nawa?

Ba na faɗin adadi, domin farashin ƙarfe da fenti dala suke bi, abin da na faɗa yau da sidi gobe ya tashi. Abin da zan gaya maka shi ne, ranar da gangar jikin ta tsaya kowa yana taya ka murna, ba ka kai rabin kuɗi ba, ba ka kai rabin aiki ba. Inji, giya, farfela, tankuna, waya, famfo, fenti da kafinta suna gaba. Mai mita 12, da ma'aikata uku ko huɗu da kuɗi a hannu, ka sa shekara ɗaya zuwa biyu. In kuɗin a hankali zai riƙa shigowa, ka rage tsawon jirgin tun yanzu, ka kuma yi masa rumfa kafin ka fara, saboda damina biyu a fili ta isa ta cinye farantin da ba a yi wa fenti ba.

Ban iya iyo ba. Ya kamata in shiga wannan harka?

Koya, Malam, ko shekarunka nawa, ka kuma koya wa yaranka. Kafin ka kashe sidi ɗaya, nemi masunta a Tema ko masu jirgi a Yeji su ɗauke ka tafiyar kwana biyu, ka ga dare a kan ruwa, ka ji yadda cikinka zai yi. In ka dawo har yanzu kana so, zo da takardar nan mai amsa huɗu mu zauna.